Na'urorin da ke leƙa cikin kayan tarihi ba tare da an fasa su ba

Daga gawar wani Fir'auna da ba a kwance likkafaninta ba zuwa littattafan da wuta ta maida gawayi, masana na amfani da na'urorin ɗaukar hoto irin na asibiti wajen karanta kayan tarihi ba tare da sun lahanta su ba. Sai dai ga ƙasa irin Nijar, inda aka yi shekaru ana tone kaburburan Bura ana sayar da abin da ke ciki a ƙetare, akwai ɓarnar da ta fi ƙarfin kowace na'ura.

A ƙarshen watan Disamba na shekarar 2021 ne wasu masana biyu ƴan ƙasar Masar, Farfesa Sahar Salim, likitar ɗaukar hoto a Jami'ar Alƙahira, da Zahi Hawass, tsohon ministan kayan tarihi na ƙasar, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi kan busasshiyar gawar Amenhotep na Ɗaya, sarkin da ya mulki Masar kimanin shekara 3,500 da suka wuce. A cewarsu, sarkin ya mutu yana da wajen shekara 35, tsawonsa santimita 169, haƙoransa lafiya lau, kuma an yi masa kaciya. Zuciyarsa na nan a ƙirjinsa, masu busar da gawa ba su cire ƙwaƙwalwarsa ba, sannan a cikin naɗin ƙyallen da ke jikinsa akwai layu da kayan ado guda 30.

Duk wannan bayani an same shi ne ba tare da an warware ko zare ɗaya daga likkafanin ba. Tun da aka gano gawar a shekarar 1881 a kusa da birnin Luksor, masu bincike suka ƙyale ta a naɗe saboda kyan naɗin da furannin da aka yi mata ado da su. Ta zauna haka fiye da shekara 130, har aka saka ta cikin na'urar sikana, irin wadda ake saka marar lafiya a asibiti. Hotunan sun kuma nuna cewa ɓarayin kabari sun taɓa karya gawar tun a zamanin da, daga baya limaman wancan lokaci suka maida kan a mazauninsa, suka ɗaure karayar, suka sake naɗe ta.

Gawar Tutankhamun ba ta yi irin wannan sa'a ba. A shekarar 1925, lokacin da tawagar Howard Carter ta so ta fitar da ita daga akwatinta, ta tarar da wani irin danƙo ya manne ta da akwatin. Sai aka yi amfani da wuƙaƙe masu zafi, aka raba kai da gangar jiki, aka cire hannuwa da ƙafafu. Masu binciken sun samu abin da suke nema, amma gawar ba za ta sake komawa yadda take ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan sarakuna biyu ita ce tarihin wannan fanni na ilimi a taƙaice.

Daga asibiti zuwa gidan tarihi

Tushen abin yana komawa ne ga watan Nuwamba na 1895, lokacin da Bajamushe Wilhelm Rontgen ya gano hasken X, wanda da shi ake ɗaukar hoton da a asibitocin Nijar ake kira radiyo. Hasken na ratsa nama cikin sauƙi, amma ƙashi da ƙarfe na tare shi, shi ya sa suke fitowa fari a hoto. Ba a cika shekara ba, a 1896, wani masani a birnin Frankfurt ya ɗauki hoton busasshiyar gawar wani yaro daga Masar da wannan haske.

Matsalar radiyo ita ce tana tara komai a hoto guda, abin da ke gaba ya rufe na baya. Sikana ce ta warware wannan. An fara gwada ta kan marar lafiya a birnin Landan a 1971, kuma mutum biyun da suka aza harsashinta, Godfrey Hounsfield da Allan Cormack, sun samu kyautar Nobel a 1979. Na'urar na zagaya abu tana harba hasken X ta kowane ɓangare, kwamfuta kuma ta haɗa sakamakon ta fitar da hotuna fala-fala, kamar an yanyanka albasa ana duba kowane yanki, alhali albasar na nan ɗungurungum. Daga nan ana iya juya hoton a allon kwamfuta, a ɓare shi sashe bayan sashe.

Akwai kuma na'urar da ake kira XRF, wadda ƙaramarta ba ta wuce a riƙe a hannu ba. Idan ta harba haske kan abu, kowane sinadari na maido da nasa irin haske, ta haka ake sanin ko akwai tagulla, dalma, zinariya ko baƙin ƙarfe a ciki, da kimanin yawan kowanne. Masu binciken zane-zane na amfani da ita wajen gane fenti. Alal misali, farin fentin da ake yi da sinadarin titaniyom bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920. Idan aka same shi a ainihin zanen da ake cewa na ƙarni na 17 ne, ba a wurin da aka yi wa gyara daga baya ba, to da walakin.

Sauran dabarun sun haɗa da ɗaukar hoto da nau'o'in hasken da idon mutum ba ya gani. Wani na ratsa fenti ya nuna zanen farko da mai zane ya yi da gawayi kafin ya shafa launi, wani kuma na farfaɗo da rubutun da ya koɗe ko aka kankare. A 2022, ma'aikatan gidan adana zane-zane na ƙasar Sikotilan da ke Edinbara sun ɗauki radiyon wani zanen Vincent van Gogh na kan wata baƙauya, sai ga hoton mai zanen kansa ya bayyana a bayan ƙyallen, inda manne da kwali suka rufe shi fiye da shekara ɗari.

Layar da aka karanta ba a kwance ba

Kowa ya san idan aka farke laya don a ga abin da ke ciki, ba ta komawa yadda take. Wannan ita ce matsalar da wasu masu bincike ƴan Denmak da Jamus suka fuskanta a 2014 a tsohon birnin Jarash na ƙasar Jodan. A kangon wani gida da girgizar ƙasa ta shekarar 749 ta rusa, sun tsinci wani ɗan kube na dalma, a cikinsa akwai siririn fallen azurfa a naɗe. Azurfar ta yi rauni ainun, da an taɓa warware ta za ta farfashe. Sai aka ɗauke ta a sikana, aka warware naɗin a cikin kwamfuta. Layi 17 na rubutu suka fito, da haruffa masu kama da Larabci amma ba sa ba da ma'ana. Masanan sun fahimci cewa wanda ya rubuta layar yana kwaikwayon rubutun Larabci ne, a daidai lokacin da harshen ke kafuwa a yankin a zamanin daular Umayyawa. Layar na nan a naɗe har yau.

Aiki mafi wuya shi ne na littattafan Herkulaniyum a ƙasar Italiya. A shekara ta 79 Miladiyya, dutse mai aman wuta na Besubiyus ya binne garin, zafin ya maida ɗaruruwan naɗaɗɗun littattafai na wani babban gida tamkar guntayen gawayi. Bayan an gano su a shekarun 1750, an yi ta ƙoƙarin buɗe su. Wasu an tsaga su da wuƙa, wasu an ja su sannu a hankali da wata na'ura mai zare, kuma da yawa sun lalace a wannan ƙoƙari. Daga ƙarshe aka haƙura, aka bar ɗaruruwa a naɗe.

Ko da sikana ta zo, ba ta wadatar ba. Tawadar littattafan ta baƙin hayaƙi ce, dangin wadda almajirai ke haɗawa da gawayi da ƙaro, takardar ma ta zama gawayi, don haka hasken X ba ya bambanta su sosai. Farfesa Brent Seales na Jami'ar Kentaki a Amurka ya shafe kusan shekara ashirin a kan wannan matsala. A 2019 aka ɗauki hoton biyu daga cikin littattafan a wata katafariyar cibiya kusa da Oksfod a Ingila, mai samar da hasken X da ya ninka na asibiti ƙarfi nesa ba kusa ba. A watan Maris na 2023 aka saki hotunan a intanet, aka sa gasa ga duk wanda zai iya karanta su.

A watan Oktoba na wannan shekarar, wani ɗalibi Ba'amurke mai shekara 21, Luke Farritor, ya horar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta gane sawun tawada, ya fito da kalma ta farko, kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya. A watan Fabrairu na 2024, shi da Yusuf Nadir, ɗan Masar da ke karatun digiri na uku a Balin, da Julian Schilliger ɗan Suwizalan, suka raba kyautar dalar Amurka 700,000 bayan sun fito da haruffa fiye da 2,000. Rubutun na wani masanin falsafa ne da ke magana kan jin daɗi, kiɗa da abinci. Darasin da masu adana kayan tarihi suka ɗauka shi ne, littattafan da aka yi haƙuri aka bari a naɗe su ne yanzu ake da begen karantawa dalla-dalla.

Na'ura ma tana iya ruɗar mutane

Ba kowane abu ne ke shiga sikana ba. Babbar dalar Fir'auna Khufu da ke Giza, mai kimanin shekara 4,500, an leƙa cikinta ne da wasu ƙwayoyin zarra da ake kira miyon, waɗanda ke zubowa daga sararin samaniya dare da rana suna ratsa duwatsu. Inda dutse ya yi kauri kaɗan ne ke wucewa, inda akwai kogo kuma da yawa ke wucewa. Masana daga Masar, Faransa da Japan sun dasa na'urorin ƙirga su a ciki da wajen dalar na tsawon watanni, kuma a watan Nuwamba na 2017 suka sanar da gano wani babban fili a cikinta mai tsawon aƙalla mita 30. A watan Maris na 2023 aka tabbatar da wani zaure na daban mai tsawon mita 9 a bayan fuskar arewa, bayan an zura siririyar kyamara ta tsakanin duwatsu.

Sai dai a kabarin Tutankhamun labarin ya sha bamban. A 2015, bayan wani masani ɗan Ingila, Nicholas Reeves, ya ce yana ganin alamar ɓoyayyun ƙofofi a hotunan bangon kabarin, an yi gwaji da na'urar rada, har ministan kayan tarihi na Masar na lokacin ya ce yana da tabbacin kashi 90 cikin 100 cewa akwai ɗakuna a bayan bangon. Kafofin yaɗa labarai na duniya suka ɗauka. A 2018, wata tawaga daga birnin Turin na Italiya ta sake yin gwajin a tsanake, ta ce babu wani ɗaki. Na'ura alamomi take bayarwa, fassara su kuwa aikin mutum ne, kuma mutum na iya ganin abin da zuciyarsa ke so.

Haka kuma, cewa dabara ba ta lahani ba yana nufin ba ta barin sawu ko kaɗan ba. Hasken X mai yawa na iya rikita wasu gwaje-gwajen gano shekaru, yana kuma iya lalata ƙwayoyin halittar gado da suka rage a tsohon ƙashi. Saboda haka masana ke tsara gwajin da za a fara yi da wanda zai biyo baya.

Yumɓun Afirka ta Yamma da kasuwar jabu

A yankin Afirka ta Yamma, sikana ta yi suna ne ta wata hanya daban, wato kasuwar mutum-mutumin gasasshen yumɓu na Nok a Najeriya, na Jenne a Mali, da na Bura a Nijar. Tun shekarun 1970 attajiran Turai da Amurka ke sayen su da tsada, kuma inda kuɗi ya yi yawa, jabu ba ya nisa.

Da farko masu saye sun dogara da wani gwaji da ake kira TL. Yumɓu na ɗauke da ƙananan duwatsu masu tara wani irin ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da su tun ranar da aka gasa shi. Idan aka huda jikin mutum-mutumi aka ɗebi ɗan gari aka zafafa, garin na fitar da haske, kuma yawan hasken na nuna tsawon lokacin da aka yi da gashin. Gwajin na da aibi biyu. Dole sai an huda abin, sannan shekarun wurin da aka huda kaɗai yake faɗa.

Masu yin jabu ba su daɗe ba suka gano wannan. Sai su tattaro tsofaffin katanga na gaske daga wuraren tarihi, su dasa su a wuraren da aka saba hudawa, kamar gindi da bayan kai, su gina sauran jikin da sabon yumɓu ko da garin tsohuwar katanga da aka kwaɓa da manne. A 2001, wani ɗan jarida ɗan Beljiyam, Michel Brent, ya wallafa bincike kan wani ragon yumɓu daga Mali da kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar a New York a 1991 kan dala 275,000, bayan gwajin TL ya nuna ya yi ɗaruruwan shekaru. Wani magini ɗan Mali ya shaida masa cewa shi ya gina babban sashen ragon, ya haɗa da ƴan guntayen da ya tono.

A nan ne sikana ta shigo. Wani likitan ɗaukar hoto a birnin Brussels, Marc Ghysels, na cikin waɗanda suka shahara da saka irin waɗannan kaya a na'urar. Tsohon yumɓu da sabo ba nauyinsu ɗaya ba, don haka kowanne na fitowa da irin duhunsa a hoto. Ana ganin layin manne, sandunan ƙarfe da aka saka don riƙe wuya, da kan da aka ɗora wa gangar jikin da ba tasa ba. A kayan gaske kuma ana ganin yadda maginin ya ɗora yumɓu zobe kan zobe, kamar yadda mata magina ke gina tulu har yau.

Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara a yankin Nok tun 2005, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, ya ƙara haska lamarin. A wuraren da suka tona bisa ƙa'ida, kusan duk mutum-mutumin da suka samu a farfashe yake, kamar da gangan aka fasa kafin a binne. Wannan ya sa ayar tambaya kan cikakkun mutum-mutumin Nok marasa ko tsaga da ke jere a shagunan Turai.

To amma akwai wani ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Takardar shaidar sikana da ke tabbatar da cewa abu na gaske ne tana ƙara masa farashi, ko da kuwa sato shi aka yi. Na'urar na kare mai saye daga asara, amma ba ta tambayar ta wace hanya kayan suka bar ƙasarsu.

Abin da Bura ta rasa

An gano makabartar Bura ne a 1975 a gundumar Tera ta jihar Tillaberi. A 1983, masanin tarihi ɗan Nijar Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Yamai ya jagoranci tono a wurin da ake kira Asinda-Sikka, inda a ɗan ƙaramin fili aka samu tukwanen kabari fiye da 600, a kife, wasu da kawunan mutane na yumɓu a samansu, wasu da mahaya dawaki. Makabartar ta soma ne tun wajen ƙarni na 3 Miladiyya, aka kuma ci gaba da amfani da ita ɗaruruwan shekaru.

Duniya ta san kayan Bura ne ta baje kolin tarihin kwarin kogin Kwara da aka buɗe a Paris a 1993, kafin ya zagaya ƙasashen yankin. Sanin bai zo da alheri kaɗai ba. A shekarun da suka biyo baya, dillalai suka bazu ƙauyuka, talauci ya tura mutane tono, aka yi wa wurare da dama kaca-kaca. A shekara ta 2000, majalisar gidajen tarihi ta duniya ICOM ta saka kayan Bura cikin jan kundinta na kayan tarihin Afirka da aka fi sacewa, tare da na Nok da na Jenne.

Idan aka kai kan yumɓu na Bura asibiti a Turai aka saka a sikana, za a san yadda aka gina shi, da ko an yi masa gyara. XRF za ta faɗi sinadaran yumɓun. Amma babu na'urar da za ta faɗi kan wace tukunya yake, wane ne aka binne a ƙarƙashinta, mace ce ko namiji, da waɗanne mundaye ko kibau aka binne shi, wane kabari ne ya riga wani. Waɗannan bayanai a cikin ƙasa suke, a yadda abubuwan ke kwance kusa da juna, kuma daga ranar da magirbi ya shiga wurin sun tafi ke nan. Mai tono don sayarwa kai yake nema, tukunyar kuwa sau da yawa fasa ta yake yi ya watsar. Har yanzu abin da aka sani game da mutanen Bura, harshensu, garuruwansu da alaƙarsu da maƙwabta, kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan ɓarna na cikin dalilan.

Nijar na da dokar da ta shafi wannan, mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga watan Yuni na 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, ta kuma hana tono da fitar da su ba tare da izinin hukuma ba. Aiwatar da ita a ƙasa mai faɗin Nijar da dogayen iyakoki shi ne babban aiki.

Me ake iya yi a gida?

Manyan na'urorin ba a kusa suke ba. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da irin cibiyar hasken X mai ƙarfi da aka kai littattafan Herkulaniyum, ko da yake masanan nahiyar sun daɗe suna fafutukar a gina ɗaya. Abin da ke fitowa daga ƙasar Nijar, a waje aka saba ɗaukar hotonsa. Misali, ƙoƙon kan dabbar nan ta zamanin da, Nigersaurus, da aka tono a Gadafawa cikin jihar Agadas, ƙasusuwansa sun yi sirantar da haske ke ratsa wasu, don haka tawagar Paul Sereno ta Jami'ar Shikago ta yi amfani da sikana a Amurka wajen haɗa siffarsa, wadda aka nuna a 2007 da haƙora fiye da 500.

Sai dai ba duka dabarun ne ke buƙatar miliyoyi ba. A 1999, da aka so a adana siffar raƙuman dawa na Dabus, waɗanda aka sassaƙa a dutse a arewacin Agadas kuma babban ya haura mita 5, sai da aka shafa wa dutsen roba aka ɗauki zubinsa, kuma kwafin da aka yi da sanholo na tsaye a filin jirgin saman Agadas. A yau, kyamara mai kyau da kwamfuta sun isa. Ana ɗaukar ɗaruruwan hotuna ta kowane ɓangare, manhaja ta haɗa su ta fitar da cikakkiyar siffar abin, ba tare da hannu ya taɓa dutsen ba.

Haka abin yake ga tsofaffin littattafan Larabci da Ajami, waɗanda sashen adana rubuce-rubucen hannu na IRSH a Yamai ke riƙe da dubbai, ban da waɗanda ke gidajen malamai a Damagaram, Agadas, Tawa da Maraɗi. Idan aka haska takarda ta baya, tambarin masana'antar da ta yi ta na fitowa. Wanda aka fi gani a wannan yanki shi ne na jinjirin wata uku, na takardun da aka riƙa yi a arewacin Italiya, fatake kuma suka ratso Sahara da su. Tambarin na taimakawa wajen kimanta zamanin da aka rubuta littafin da bai da kwanan wata. Fitilar da aka kwantar a gefe kuma na nuna inda aka kankare rubutu ko aka yi gyara.

Mafi sauƙi, kuma mafi gaggawa, shi ne rajista. Akwai tsarin duniya da ake kira Object ID, wanda ya tanadi a ɗauki hoton kowane abu, a rubuta girmansa, abin da aka yi shi da shi, da tabo ko tsagar da ta bambanta shi da saura. Rundunar ƴan sandan duniya Interpol na da kundin kayan tarihin da aka sace mai ɗauke da fiye da 50,000, kuma tun 2021 ta fitar da manhajar waya mai suna ID-Art da ɗan duwan ko jandarma zai iya amfani da ita a kan iyaka. Amma abin da ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba, ba ya shiga kundin, kuma ƙasar da ba ta da shaida da wuya ta yi nasarar neman a maido mata kayanta. Littattafai fiye da 4,000 da suka salwanta a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu a watan Janairu na 2013, da wawashe gidan tarihin ƙasar Sudan a Khartum a yaƙin da ya ɓarke a 2023, sun nuna cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga manomin da garmarsa ta ci karo da tsohuwar tukunya, ko mai haƙar rijiya ko zinariya da ya tarar da ƙasusuwa da katanga, shawarar masana ba ta da wuya. Kada ya ɗaga abin daga inda yake, kada ya wanke shi, kada ya zubar da ƙasar da ke ciki, domin a cikinta ake samun ƙwayar hatsi, gawayi da guntun ƙashi da ke faɗin shekaru da abincin mutanen da. Ya ɗauki hoto da wayarsa idan yana da ita, ya maida ƙasa ya rufe, sannan ya sanar da maigari ko magajin gari, su kuma su isar da labarin ga ma'aikatar al'adu ta jiha, ko IRSH, ko gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai.